Waƙa a Lokacin Yaƙi: Amsa ga Wata Ɗalibata a Gadarif

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibarka ce ta dā a Madani. Tun da muka gudo saboda yaƙin Sudan a watan Disambar 2023 muna Gadarif, a wata makaranta da aka mayar masauki. Da rana ina taimakawa a takiya, inda ake dafa wa jama'a abincin sadaka, da dare ina rubuta waƙoƙi da Hausa a wani ɗan littafi. Kawuna ya gani, ya ce sai da ruwan ciki ake jan na rijiya, mutane suna kwana da yunwa ni ina ƙirga baiti. Wasu samarinmu kuma sun ce in dai rubutu zan yi, to in rubuta wadda za ta tayar da tsimin mutanenmu a kan waɗanda suka zalunce mu, su sa mata kiɗa su watsa a waya. Na rasa na kamawa. Waƙa tana da wani amfani a irin wannan lokaci? Kuma mai rubutu zai iya cewa ba ruwansa da siyasa?

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yata. Allah ya yi miki albarka, ya jiƙan waɗanda kuka rasa, ya mayar da ku ɗakunanku lafiya. Saƙonki ya same ni bayan la'asar. Na karanta na ajiye, na sake ɗauka bayan isha'i, sannan na kwana da shi. Shekara talatin da ɗoriya na yi ina koyar da adabi tsakanin Sinnar da Madani, ban taɓa sa wa ɗalibai tambaya mai nauyin wannan ba.

Zan fara da kawunki, kuma ina roƙonki kada ki riƙe shi a zuci. Mutumin da ya bar hawasharsa, wato gonarsa ta noman ban ruwa, da gidansa, ya wayi gari yana bin layi da kwano a hannu don 'ya'yansa su samu ludayin adas, wani ɗan ƙaramin wake, in ya ga alƙalami a hannun 'yar ƙanwarsa dole ransa ya sosu. Kuma yana da babban malami a bayansa. Ibn Khaldun, a Muƙaddimarsa da ya rubuta a 1377, ya ce sana'ar waƙa ita ce ta ƙarshe da ke bayyana a birni idan wayewa ta cika, domin ba ta cikin abubuwan larura, kuma ita ce ta farko da ke ɓacewa idan al'amura suka fara lalacewa. Mun gani da idonmu. Gidan rediyon Omdurman, inda ake tara muryoyin ƙasar nan tun 1940, ya faɗa hannun masu bindiga a kwanakin farko na yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilun 2023, ya zama sansani kusan shekara guda. Mawaƙan da muka saba ji sun watse, wasu Alƙahira, wasu Jidda, wasu Kampala. Na san mai kaɗa udu, molon Larabawa, da ya sayar da udun nasa don ya biya kuɗin motar da za ta fitar da iyalinsa. A nan kawunki bai yi ƙarya ba.

Sai dai waƙar da Ibn Khaldun yake nufi ita ce ta zama sana'a, mai malamai da almajirai, mai fada da masu biya. Shi kansa a wannan babin ya ambaci wata da ta girmi birni, wato waƙar da masu korar raƙuma ke yi a sahara. Irin wannan ba ta jiran ciki ya cika. Bari in ba ki labarin kakata.

Kakata ta wajen uba ta taso daga ƙasar Sakkwato tana amarya, a shekarun da ake gina madatsar Sinnar, wadda aka kammala a 1925. Niyyar hajji suka yi, a ƙasa, da jakuna. Guzuri ya ƙare musu a hanya kamar yadda ya ƙare wa dubbai, suka yada zango a Mai Wurno, garin da Muhammadu Bello Mai Wurno ɗan Sarkin Musulmi Attahiru ya kafa a bakin kogin Nilul Azraƙ bayan an kashe mahaifinsa a Burmi a 1903. Suka ce a yi tsinkar auduga shekara ɗaya, a tara kuɗin ƙetare teku. Shekara ɗaya ta zama hamsin. Ba ta ga Ka'aba ba, amma har ta koma ga Allah, in an tambaye ta sai ta ce mu matafiya ne.

Ina ɗan shekara bakwai ko takwas, ɗakin da nake kwana yana jikin rumfar da dutsen niƙanta yake. Kafin kiran assalatu nakan farka da ƙarar ɗan dutse a kan uwarsa, da muryarta ƙasa-ƙasa. Ta durƙusa, ta yi ɗaurin ƙirji, ƙwaryar jiƙaƙƙiyar dawa a damanta, faifai a gaba yana tarar ƙullu. In ta tura sai rabin baiti ya fita, in ta jawo sai sauran rabin ya biyo. Yawancin waƙar sunayen garuruwa ne a jere yadda suka bi su: Kano, Yerwa, Fort Lami, Abeshe, Junaina, Fashir, Nuhud, Ubayyid. Kowane gari da abin da ya same su a cikinsa, inda jaki ya mutu, inda wata mata ta ba su nono ba ta karɓi ko anini ba. Amma in ta zo tsakanin Abeshe da Junaina sai dutsen ya lafa, muryar ta yi rawa, ta maimaita baiti guda har sau uku. Baitin yana maganar wata aduwa ce a gefen busasshen rafi. Sai da na girma na gane a gindin aduwar nan aka binne mahaifiyarta. Zazzaɓi ya kama ta, ayari kuwa ba ya jira, aka yi mata sutura da zanenta aka wuce. Babu dutse a kan kabarin, babu allo, ba wanda ya taɓa komawa. Duk faɗin duniyar nan ba inda aka ajiye shaidar cewa matar ta taɓa rayuwa sai a cikin wannan baiti. Yau ni na san inda take kwance, 'ya'yana sun sani, kuma duk daren Juma'a tana cikin addu'armu.

Ki lura da lokacin da ake wannan waƙa, 'yata. Ba wanda ya karya kumallo a gidan tukuna. Ita kanta mai waƙar da yunwa take yi, kuma waƙar ce ke riƙe mata hannu a kan dutsen har ƙullun ya isa kisra, wato gurasar dawa, ta mutum goma sha biyu. Bahaushe tun asali bai ware waƙa ya ajiye ta sai bayan aiki ba. Manomi da gangar noma a wurin gayya, abin da maƙwabtanmu ke kira nafir. Maƙeri da dundufa, mahauci da kalangu, mata da lugude a turmi da shantu a ɗaki. Mai agashe, wato tsiren nan ƙasar, da ke bakin kasuwar Gadarif, wanda duk ƙabilun Sudan ke layi a gabansa da yamma, jikan mutanen da kalangu ke kiran sunansu ne tun kafin a fede sa. Kalangun ma yana magana ne saboda harshenmu mai karin sauti ne, kowace gaɓa tana hawa ko tana sauka ko tana faɗuwa, sai makaɗi ya matse tsarkiya a hammata ya bi hawa da saukar, mai sauraro ya ji sunansa da na ubansa. Gobe in kin je takiya ki kasa kunne wajen matan da ke tuƙa babbar tukunya, su biyu ko uku a kan muciya. Za ki ji wata tana gunguni, sauran suna amsawa ba su ma sani ba. Mai jan ruwan rijiyar da kawunki ya ambata, shi ma da waƙa yake ja.

Akwai wani amfani kuma da ya shafe mu mu kaɗai, mu 'yan Sudan masu asali daga Afirka ta Yamma da ake kira Fallata ko Takari. Dokar zama ɗan ƙasa ta 1957 ta ɗauko sharaɗi daga dokar Turawa ta 1948, cewa sai kakannin mutum na wajen uba suna zaune a Sudan tun ranar 31 ga Disambar 1897. Ki auna wannan da Burmi. Mutanen da suka baro ƙasarsu don kada su zauna ƙarƙashin Nasara, suka sare daji a bakin Nilu, suka haƙa magudanan Jazira, suka noma dawa da riɗi a Gadarif, shekaru kaɗan kacal suka raba su da takarda. An sassauta sharaɗin daga baya, dokar 1994 ta dawo da shi 1 ga Janairun 1956, amma abin da doka ta shuka a zukata ya fi dokar daɗewa. Ni kaina lokacin da na je neman jinsiyya don shiga makarantar horon malamai, wani jami'i a wani ofishi ya dubi sunan kakana, ya dube ni, ya turo mini takardun ya ce in kawo shaidu. Na kawo, ya ce ba su isa ba. Sau huɗu ina zuwa. A karo na uku na fito na zauna wajen mai shayi a bakin ofishin, raina a jagule. Shekarar 1974 ce, shekarar da A'isha Fallatiya ta rasu, rediyo yana ta maimaita waƙoƙinta. Sai ga jami'in nan ya fito shan shayi, ya zauna a benci yana bin waƙar da leɓe, idonsa a lumshe.

Kin san ko wace ce ita. A'isha Musa Ahmad, haifaffiyar Kasala, iyayenta daga Sakkwato suka zo a hanyar hajji kamar kakata. Mahaifinta malamin allo ne, a halwarsa ta yi karatu, kuma bai so ta yi waƙa ba. Ta yi wa sojojin Sudan waƙa a fagen Yaƙin Duniya na Biyu, kuma a 1942 ta zama mace ta farko da aka ji muryarta tana waƙa a rediyon Omdurman, duk da wasu mawaƙa maza sun ƙi amincewa da farko. Sunan da ake jifanmu da shi, shi ta ɗauka ta sa a bayan nata, har ya zama ba a iya ba da tarihin waƙar Sudan ba tare da an furta shi ba. Ranar nan a wajen mai shayi ban ji haushin jami'in ba, mamaki na ji. Hannunsa ya ƙi sa mini hannu, kunnensa kuwa ya riga ya karɓe mu tun yana yaro.

Kuma akwai dalili a cikin sautin kansa. Waƙar tsakiyar Sudan, tun daga salon waƙar haƙiba na Omdurman a shekarun 1920 har zuwa yau, a kan tsani mai sautuka biyar take tafiya, wanda masana a nan ke kira sullam khumasi. Waƙar Masar da Sham a kan bakwai take, da 'yan gutsattsarin sautuka a tsakani. Yawancin kiɗanmu na Hausa shi ma a kan biyar ɗin yake, haka na Habasha da Somaliya. Shi ya sa ɗan Kano da bai san Larabci ba yake jin waƙar Omdurman ta zauna masa, ɗan Shandi ta arewacin Sudan kuma ya ji kukuma bai ji baƙon abu ba. Daga Sakkwato har Sawakin ta bakin Bahar Maliya kunne ɗaya ne. Masu zana iyaka sun zo daga baya.

Yanzu tambayarki ta biyu, wadda ta fi hana ni barci.

A'a, mai rubutu ba zai iya cewa ba ruwansa da siyasa ba, ko da bai taɓa ambaton gwamnati ba. Duk waƙa tana zaɓen wanda za ta ambata da wanda za ta bari, kuma wannan zaɓen shi ne tushen siyasa. Kakata da ta sa sunan matar da ta ba su nono a baiti ɗaya da sunan sarakunan garuruwan da suka wuce, hukunci ta yanke a kan wanda ya cancanci a tuna. Makaɗan fada da kotso da taushi sun san haka, shi ya sa sarakuna ke tsoron zambonsu kamar yadda suke son yabonsu. Shehu Usmanu da jama'arsa sun san haka. Shi da ƙanensa Abdullahin Gwandu sun yi rubutu a kan hukuncin kiɗa, malamai kuma sun daɗe da saɓani a kansa, amma baiti dai da shi suka kai karatu ƙauyuka, da Fulatanci da Hausa da Larabci. Nana Asma'u, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, ta naɗa jajis ta ba su malfa, suna zuwa wurinta su hardace waƙoƙi su koma su koya wa matan karkara. Makaranta ce sukutum ba gini, baiti ne allonta. A shekarun 1950 kuma Sa'adu Zungur da mawaƙan NEPU suka ɗauki wannan makami ɗin suka fuskanci sarakuna da Turawa da shi. Saboda haka abin da kike yi da daddare a littafin nan yana da iyaye da kakanni.

Amma hanyar tana da ramuka biyu, kuma na ga manya sun faɗa.

Na farko shi ne yabon mai mulki. Ba sai na je nesa ba. Muhammad Wardi, wanda muryarsa ta zama muryar juyin juya halin Oktoban 1964 da ya kawar da Janar Abbud, shi da mawaƙin talakawa Mahjub Sharif sun yi wa Numairi maraba da waƙa lokacin da ya karɓi mulki a watan Mayun 1969, da zuciya ɗaya, suna ganin gari ya waye. Ba a yi shekaru ba gwamnatin da suka yaba ta jefa su gidan yari. Waɗannan mutane ne masu gaskiya, ba don kuɗi suka yi ba, kuma sun biya bashin kuskuren da shekarun rayuwarsu. Wardi ya yi fiye da shekara goma yana gudun hijira bayan juyin mulkin 1989, sai 2002 ya dawo. In masu gaskiya sun yi tuntuɓe a nan, ina ga wanda aka ba ambulan? Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Ina jin waƙoƙin siyasar da ke zuwa mana daga Najeriya ta waya, kiɗa mai daɗi, murya mai daɗi, bana a yabi mutum, baɗi a zage shi a yabi abokin gabarsa da irin kalmomin nan dai. Abin yana ba ni baƙin ciki, don baiwar tana nan, an dai jinginar da ita.

Na biyu shi ne wanda samarin nan ke kiranki zuwa gare shi, kuma ya fi na farko haɗari. Sunansa zuga.

Kada ki raina su. Na san irin abin da suka gani. Wasu an kashe iyayensu a gabansu, wasu an ci mutuncin 'yan'uwansu mata, an kwashe musu komai har tabarmar salla. Wutar da ke cikinsu ta gaskiya ce. Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya ware babi guda a Ihya'u a kan sauraren waƙa, kuma abin da na riƙe daga gare shi shi ne, waƙa ba ta zuba wa zuciya abin da babu shi a cikinta, abin da ta tarar take motsawa, kamar yadda ƙyastu ke fito da wutar da ke ɓoye a ƙanƙara. To ki tambayi kanki, in kika ƙyasta a kan waɗannan zukata, me zai kama, kuma ɗakin wa ke kusa?

A Darfur da Kurdufan akwai hakkama, mace mai waƙa, wadda in ta zambaci namiji da ragwanci ba ya sake zama a majalisar maza sai ya je ya wanke kansa, sau da yawa da jini. Su dai waɗannan mata ake nema in an zo taron sulhu, don an san bakin da ya kunna shi ke iya kashewa. Mu ma muna da namu, zabiya da sanƙira da masu kirarin 'yan tauri. Kuma ba tarihi nake ba ki ba. A watan Yulin 2022 rikici ya tashi a jihar Nilul Azraƙ tsakanin mutanenmu da maƙwabtanmu a kan ƙasa da sarauta, a Rusairis da kewayenta, ya sake tashi a Wad al-Mahi a watan Oktoba. Ɗaruruwa suka mutu, dubbai suka bar gidajensu. Kafin a zare wuƙa an daɗe ana zare harshe a Facebook da WhatsApp. Na ji wasu saƙonnin murya da kunnena, na wancan ɓangaren da ke cewa mu baƙi ne a kore mu, da na wasu 'ya'yanmu da suka mayar da martani da irinsa. Mutanen da suka yi shekaru suna cin kasuwa ɗaya, suna auratayya, suna zuwa jana'izar juna.

Ga yadda zuga ke aiki, ki riƙe wannan da kyau don sana'arki ce. Tana ɗaukar mutumin da ya aikata laifi, mai suna, mai fuska, wanda ya shiga gida kaza ranar kaza, ta narkar da shi cikin kalma ɗaya ƙarama: su. Su ne suka yi, su haka suke, su da 'ya'yansu. Da zarar an ce su, an haɗa da tsohuwar da ke sayar da gyaɗa da yaron da aka haifa jiya. Kiɗa kuma ya zo ya sa kalmar ta zauna a baki, yaro ya riƙa rerawa yana wasan ƙwallo bai san abin da yake haɗiya ba. Magana zarar bunu ce tun ana faɗinta a dandali, balle yanzu da waya ke kai ta Damazin da Kasala kafin ki rufe baki, kuma tana nan bayan shekara goma, bayan an yi sulhu, tana jiran wani ya sake kunnawa. Mu kuwa, 'yata, mu ne muka fi kowa sanin ɗacin wannan kalma. Shekara ɗari ana ce mana su. Jami'in nan da ya turo mini takardu bai gan ni ba, su ya gani. Ba na so in ga ranar da 'yarmu mai baiwa za ta ƙera wa wasu irin sarƙar da muka sha wuya da ita.

Kada ki fahimce ni da cewa ki yi shiru a kan zalunci, ko ki koma waƙar furanni da wata. Shiru ma zaɓe ne, kuma azzalumi yake yi wa daɗi. Ki rubuta abin da ya faru, dalla-dalla, har ya fi na samarin zafi. Ki faɗi ranar da kuka fita daga Madani, da abin da mahaifiyarki ta ɗauka da abin da ta juya ta kalla ta bari. Ki faɗi kuɗin da mai mota ya nema, da wanda ya sauke wani tsoho a hanya, da wanda ya ɗauke shi. Wanda ya yi kisa ki kira shi makashi, wanda ya yi fashi ki kira shi ɗan fashi, ki ɗora laifin a wuyan mai shi da wanda ya ba shi bindiga da umarni. Marsiya muke da ita tun zamanin Nana Asma'u, kuma marsiya tana ƙirga matattu ɗaya bayan ɗaya da halayensu, wannan mai kyauta ce, wannan mai haƙuri ne. Duk wanda kika ambata haka kin hana a mayar da shi lamba a rahoto. Akwai mutane da yawa da aka binne a gefen hanya tsakanin Madani da Sinnar da Gadarif, a tsakar gidaje da filayen makarantu, ba allo ba dutse. Kowannensu yana buƙatar aduwarsa.

In kin gama kowace waƙa ki yi mata gwaji ɗaya. Ki bi ta baiti baiti, duk inda kika ga su ki tsaya ki tambaya, su wa? In amsar sunan mutane ce da aikinsu, ki bari. In amsar sunan ƙabila ce, ki soke, ko da baitin ya fi kowane daɗi. Haka kuma ki duba mu ɗinki, ki ga ko yana da faɗin da zai ɗauki matar da ke tuƙa tukunya kusa da ke a takiya, wadda ba ta jin Hausa, wadda ita ma ta bar gawa a hanya. Na je dandalin zaman dirshan a gaban hedikwatar soja a Khartum a watan Afrilun 2019, na ga samari a kan gadar jirgin ƙasa suna dukan ƙarfe da duwatsu dare da rana, bugu ɗaya, ba wanda ya tambayi na kusa da shi ɗan wace ƙabila ne. An tarwatsa su da jini ranar 3 ga Yuni, amma wanda ya ji wannan bugu ya san irin mu ɗin da ƙasar nan za ta iya yi.

Ba ki tambaye ni batun harshe ba, amma zan sa baki. Na ji daɗi da kika ce da Hausa kike rubutawa. Kada wani ya ce miki Hausarmu ta gurɓace don tana cewa takiya da hawasha da jabana. Farfesa Al-Amin Abu Manga na Jami'ar Khartum, ɗan Mai Wurno, ya yi shekaru yana nazarin yadda Hausar Sudan ta zauna da Larabci, kuma abin da ya fito fili shi ne harshe ne mai rai da ya yi tafiya ya ɗebo guzuri. A bakin tsofaffinmu akwai kalmomin Sakkwatanci da matasan birane a can suka daina ji. Ki yi rubutu da Hausar da kike mafarki da ita, ba sai kin ari ta finafinan Kano ba. Abin da ke damuna shi ne jikokina, ina yi musu Hausa suna amsa mini da Larabci. Yaron da ya ƙi zama a koya masa nahawu zai hardace waƙa bai sani ba.

Sai batun gwaninta, don niyya mai kyau ba ta gyara karyayyen baiti. Rubutacciyar waƙarmu a kan ma'aunan aruli take tafiya, waɗanda Khalil bin Ahmad na Basra ya tsara, kuma Hausa ta karɓe su cikin sauƙi don ita ma tana bambanta gaɓa mai nauyi da marar nauyi. Kin yi wannan a ajina, kin san mutaƙarab da kamil da rajaz. Ki fara da 'yar ƙwar biyu, ki riƙe amsa-amo ɗaya, kada ki yi gaggawar tahamisi. Ki rera kowane baiti da murya kafin ki yarda da shi, domin kunne yana kama abin da ido ya tsallake. In kin rasa kari, ki saurari muciya.

Akwai tsofaffi a masaukin naku, na tabbata. Ki nemi wadda ta fi kowa shekaru, ki kai mata shayi da safe, ki zauna. Kada ki ce ta yi miki waƙa, za ta ce ta manta. Ki ɗauko tsintar shinkafa ko ɓarar gyaɗa ku yi tare, waƙar za ta zo da kanta. In wayarki tana da caji ki ɗauka, in babu ki rubuta a bayan littafin, da sunan garin da ta ce ta koya. Ni ban yi wa kakata haka ba sai da ya rage saura kaɗan, baiti goma sha ɗaya kawai na tsira da su.

Samarin nan kuma kada ki kore su. Ki ce musu za ki rubuta, amma kowannensu ya zo ya ba ki sunan wanda ya rasa da abu ɗaya da yake tunawa da shi, ko da yadda yake ɗaura rawani ne. In sun ga dama su sa mata kiɗa bayan nan.

Ki turo mini guda uku daga cikin waɗanda kika riga kika rubuta, ki ɗauki hoton shafin yadda yake da gogensa, ina so in ga abin da kika soke. Ki gaishe mini da kawunki ƙwarai, ki ce malaminki yana yi masa jaje. Ki tambaye shi lambar hawashar tasa da sunan magudanar da ke ba ta ruwa, da abin da ya shuka a daminar ƙarshe kafin ku fito. In kin gama wadda ta shafe ta, shi za ki fara karanta wa kafin ni.